Ka Goge Tsofaffin

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida matarka da jaririyarku, da fatan zafin haƙoran ya sake ta. Mu ma lafiya lau, in dai ta jiki ake tambaya.

Na ga kiranka har sau tara, da gangan na ƙi ɗagawa. In na ji muryarka yanzu zan faɗi maganar da ba ta kwasuwa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ranar Litinin rumbun ajiyar shagon hotonmu ya cika. Baƙin akwatin nan da kai da kanka ka girka a ƙarƙashin kanta, ka jona shi da kwamfutocinmu uku, kana cika baki wai daga ranar babu hoton da zai sake ɓata. Jar fitila sai ƙiftawa take, ga bidiyon yaye ɗalibai na makarantu biyu babu inda zan zuba. Na roƙe ka ka shiga daga can ta intanet ka samo mana wuri. Minti goma ba a yi ba ka turo cewa ka gama, har da ɗan hoton babban yatsa.

Jiya na duba na ga abin da ka gama da shi. Foldar da na sa wa suna Tsofaffi ba ta nan.

Wa ya fara kiran Baba Tsoho, ya kira Umma Tsohuwa a gidanmu, in ba kai ba? Har zane ka sai da ta yi a kan sunan, ka ƙi bari, mu ma muka ɗauka. Amma ka ga Tsofaffi a rubuce, rawar kanka ta ce maka tsofaffin hotunan kwastomomi ne. Buɗewa ɗaya za ka yi, da fuskar Umma za ka fara cin karo.

Hotunan iyayenmu duka suna ciki. Ba su ne suka fi ƙona min rai ba. Akwai bidiyon minti arba'in na ranar da Tsoho ya sayo kyamararsa ta farko yana gwadawa a kanta, tana shanya, tana masa faɗa ya ɗauke abin nan daga fuskarta, tana dariya. Kaset ɗin asali danshi ya cinye shi, kwamfutata mai ɗauke da kwafinsa ta mutu bara. Tun rasuwarta, muryarta a duniya nan kaɗai ta rage.

Kai kana nesa, ba ka sani ba. Tun da idonsa ya yi rauni, duk Asabar da hantsi Tsoho yake zuwa shago, ya zauna a kujerar ɗaukar fasfo, ya ce in sa masa ya gaisa da mutuniyar. Ba ya ganin komai a allon, sauraro kawai yake. Yau Laraba.

Yayarka

Auta,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ka ce wa matarka na gode da addu'a, ita ba ruwanta.

Saƙonka ya iso. Maimakon haƙuri, sai ka dawo min da saƙon muryata na ranar Litinin, kamar lauya a gaban alƙali. Na saurara sau uku. Ni ce, ban musa ba: "Auta, ka goge tsofaffin nan ka samo mana wuri." Na faɗa, kwastoma na tsaye a kaina, hankalina na kan bidiyon makaranta. Ka ji daɗi? Bakina ya yi kuskure, amma hannunka ne ya danna. Matambayi ba ya ɓata, kai kuwa tun kana ƙarami tambaya take maka nauyi, komai ka sani.

Na cire akwatin na kai wa mai gyara, wani dattijo mai tabarau biyu. Ya fara da cewa kada in damu, irin wannan rumbu yana da kwandon shara nasa, abin da aka goge yana zama a ciki wata guda. Har na soma hamdala. Ya duba, ya cire tabarau ɗaya, ya ce wanda ya yi aikin nan ƙwararre ne, don har kwandon ya zazzage, ya san wuri ba ya samuwa sai an yi hakan. Ka ga an yaba maka.

Sai ya tambaye ni ko na zuba wani abu bayan gogewar. Na ce bidiyon makarantu biyu. A daidai gurbin da foldar ta bari suka sauka, Auta. Ni da hannuna na kwantar da jawabin wani shugaban makaranta a kan muryar uwata. Ya kwana biyu yana tono, abin da ya fito hotuna goma sha ɗaya ne, rabinsu toka-toka. Bidiyon ko daƙiƙa ɗaya babu.

Haushinka nake ji, haushin kaina nake ji, na rasa wanda ya fi. Gobe Asabar.

Yayarka

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Ina fata jikin jaririya da sauƙi. Na bar mako biyu ban rubuto ba, don ka ɗanɗana jira kai ma.

Tsoho ya zo waccan Asabar ɗin, da farar rigarsa a goge, har da turare. Na so in ce masa na'ura ce ta lalace, harshena ya ƙi. Na durƙusa na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana murza kan sandarsa, sannan ya tambaya wane ne a cikinmu. Na ce ni ce.

Kada ka kuskura ka gode min. Ba don kai na yi ba. Ni yana jin motsina kullum, in ya yi fushi da ni zai huce. Kai da sai shekara-shekara, in ya riƙe ka a zuciya ban san ranar da zai sake ka ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, yau ta tafi ke nan." Ya tashi, ya ƙi yarda in raka shi.

Na zaci shi ke nan, ba zai sake zuwa ba. Asabar ɗin da ta wuce, ƙarfe goma daidai, sai ga shi. Ya zauna a kujerar, ya juya kunnensa wajen kwamfutar. Bai ce in sa komai ba, ni ma ban kunna komai ba. Kwastomomi suna shigowa suna fita. Ina kallon leɓensa yana motsi, wani wurin ya yi murmushi, wani wurin ya tsaya yana lalube, kamar wanda kalma ta kuɓuce masa. Minti arba'in cif, ya miƙe ya tafi.

Ban yafe maka ba tukuna, kuma ba na son dogon saƙo. Ka nemi hutu ka taho. Asabar mai zuwa kai za ka zauna kusa da shi, ni ba zan iya sake kallon wannan ni kaɗai ba.

Ka gaida mutanen gidan.

Yayarka