Ni Na Sa Katunan a Aljihunta

Goggo mai wannan fili, ki taimake ni da shawara kafin Alhamis mai zuwa, don na yi ɓarna har biyu. Ɗaya kowa ya gani, ɗayar kuwa daga ni sai Allah, sai yarinyar da aka daka saboda ita. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na firamare na tsaya, sauran karatun a jikin kwalayen magani na ƙarasa shi.

Ina da jika mace, shekararta sha bakwai, tana ajin ƙarshe na sakandare. Malama Tabarau nake ce mata, don tun tana ƙarama gilashin ya fi fuskar girma. Ɗakinmu ɗaya, gadona nan, katifarta can. A makaranta ana ɗura mata Turanci da Faransanci, da yamma ta je ta yi Larabci, ki ce wannan ya ishi kai ɗaya. Bai ishe ta ba. Bara ta buɗe akwatin marigayi kakanta, wanda ya shekara talatin yana gyaran injin ban ruwa, ta tarar da wani tsohon littafin inji duk baƙin mai. Shi marigayin hotunan kawai yake bi, har ya koma ga Allah bai san abin da rubutun ke cewa ba. Ta bincika a waya, aka ce mata Rashanci ne. Shi ke nan ta rantse sai ta iya. Ba malami, ba aji, daga ita sai waya da wata mata da ke magana a ciki kamar tana tauna tsakuwa.

Ni kuma aka naɗa ni mai yi mata jarrabawa. Takan yayyanka kwalin shayi ƙanana, a gaba ta rubuta kalma da waɗancan baƙaƙen nasu masu kama da kujerun da aka kifar, a baya ta zana hoton abin, tunda ni ba karantawa zan yi ba. In ɗaga mata rubutun, ta faɗi ma'anarsa, in leƙa hoton. In ta kuskure in ɗana mata mafici a ka. Wani lokaci ko ta faɗa daidai sai in ɗana mata, in ce ajiya ce ta gobe.

Ubanta ɗana ne, walda yake yi, kuma zuciyarsa a kusa take. Da sakamakon zangon da ya wuce ya fito, Faransanci ya faɗi ƙasa warwas, lissafi ya rame, sai ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce in ya sake ganin wannan rubutun aljanu a gidansa kafin a gama babbar jarrabawa, sai ya karya hannun da ya rubuta shi. Ta ce to. Ni ma na ce to. Yana fita aiki muka ci gaba, katunan suna ƙarƙashin matashina. Ba zan yi miki ƙarya ba, ni ce ma mai tsokana. In ta kwana biyu ba ta nemi mu yi ba, sai in ce ashe mutanen sanyin nan sun fi ƙarfinki.

Ranar Litinin da safe suna da jarrabawar gwaji ta ilimin halittu. Tana wanka, ni ina yi mata gugar kayan makaranta a kan gadona, sai ga ubanta ya shigo da tsani, wai zai gyara fanka, in ɗage masa shimfiɗa kada ƙura ta zuba. Kafin ya juyo na wawuri ƙunshin katunan na cusa a aljihun siket ɗin da ke hannuna, da niyyar in cire yana fita. Ya tsaya yana ba ni labarin wani mai gini da ya ɓata masa rai, ta fito a makare ta fizgi kayanta ta saka ta ruga. Sai da rana ta take na tuna. Kuma katunan wannan satin, Goggo, na sassan jiki ne: zuciya, huhu, ƙoda, ido, duk ta zana su tsaf.

Abin da ƙawayenta suka faɗa mini shi ne, ta sunkuya ɗaukar biro sai katunan suka watse a ƙasa. Malamin da ke sa ido ya tsinci ɗaya, ga hoton zuciya, ga rubutun da ba wanda ya iya karantawa a makarantar. Ya ce shekararsa ashirin yana kama ɓarayin amsa, bai taɓa ganin mai rubutun asiri ba sai yau. Ta miƙe za ta yi bayani, ya ɗauke ta da mari. Gilashin ya fashe, ƙarfensa ya yanke ta a ƙasan ido. Ya ja ta da wuyan riga har ofis, aji guda yana kallo.

Aka kira uban daga wurin aiki. Ya taho da ita gida. Ya rufe ƙofa, ya ɗauko guntun wayar walda, irin mai kaurin nan. Na ga duka a rayuwata, ban taɓa jin ƙarar duka irin wannan ba. Ta durƙushe a gindin tankin ruwa ta kare kanta da hannuwa, yana zuba mata a baya, a kafaɗa, a kan yatsun. Uwarta ta riƙe masa hannu, ya wurgar da ita ta bugu da bango. Sai da na faɗa a kan yarinyar, ɗaya ta same ni a damtse, sannan ya tsaya. Shatin yana nan har yanzu. Yana dukan yana tambaya ina take ɓoye katunan, wa ke ɗaure mata gindi a gidan nan. Ba ta faɗa ba. Sau ɗaya ta kalle ni da idon da bai kumbura ba. Ni kuwa da bakina ba ya hutawa ko a wurin makoki, na yi tsit.

Washegari na ɗauki sandata na tafi makarantar, na tambayi wanda ya mari jikata. Na same shi a ɗakin malamai yana shan shayi. Na gaishe shi da kyau, na ce ɗana, nuna mini hannun da ka yi aikin nan da shi. Ya ɗauka roƙo na zo, ya miƙo. Na ba shi ɗaya a wuyan hannu, ta biyu a goshi. Jini ya ɓata masa riga da takardun da yake dubawa. Mai gadi ya ciccibo ni kamar buhu ya dire a waje. Na ji daɗi, Goggo, tun daga can har bakin titi. A nan daɗin ya ƙare.

Yanzu shugabar makarantar ta ce kwamiti zai zauna Alhamis. In yarinyar ta sa hannu cewa ta yi satar amsa, za a bar ta ta rubuta babbar jarrabawa nan da sati shida. In ta ƙi, a cire sunanta. Malamin yana yawo da filasta a goshi yana ambaton 'yan sanda. Ɗana ya ce za ta sa hannu ko da hagu ne, don yatsunta biyu na dama sun kumbura, ba ta iya riƙe biro.

Ita kuwa har yau ba ta yi mini maganar katunan ba. Tana kawo mini ruwan alwala, tana ninke mini zannuwa, amma a da 'yar tsohuwa take ce mini tana ja mini kunne, yanzu Kaka take cewa, da ladabi, kamar baƙuwa. Wannan ya fi wayar waldar zafi.

In na faɗa, ɗana zai san uwarsa ce ta ci amanarsa, zai raba ni da ita. Kuma wa zai yarda da tsohuwar da ta fasa wa malami goshi? In na yi shiru ta sa hannu, ta zama ɓarauniya a takarda. Ya zan yi?

Tsohuwa mai sanda

Amsa

Yaya mai sanda, ni ma kaka ce, jikokina bakwai, don haka ba zan yi miki maganar yara ba. Na yi dariya a wurin hannun da malam ya miƙo, Allah ya yafe mini, amma dariyar ba ta kai ni ƙarshen takardarki ba. Kin iya dukan ƙato a gaban abokan aikinsa, kin kasa buɗe baki a gaban ɗan da kika goya. Kin san wanne ne ya fi buƙatar jarumta.

Kafin komai, a kai yarinyar nan asibiti a duba yatsun. Kumburin da ya kwana huɗu yana hana riƙe biro ba na ruwan zafi da man shafawa ba ne. In akwai tsagewar ƙashi, sati shida ba su da yawa. Ki sa uwarta ta kai ta, a duba ƙasan idon ma, a karɓo takardar likita a ajiye.

Sannan ki faɗa. Ki fara da ita, ku biyu a ɗaki, ba da wasa ba, ba da tsokana ba. Ta riga ta sani. Abin da take jira shi ne ta ji daga bakinki cewa kin san abin da ta ɗauka dominki. Ɗanki kuma kada ki tare shi ke kaɗai. Ki kira wani babba da yake jin nauyinsa, kawunsa ko wansa, a zauna da rana. Yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ki ba shi ita: ya ga karatun 'yarsa yana zamewa, ya kafa doka, kika ce to, kika zagaya ta baya. Ki nemi afuwarsa a kan wannan. Amma a zaman nan ne za a gaya masa cewa abin da ya yi da wayar walda ba tarbiyya ba ce, raunata mutum ne, ya haɗa da matarsa da uwarsa. In ya sake ɗaga ta, yarinyar ta koma wurin dangi har ta gama jarrabawa, a kuma kai maganar inda za a tsawatar masa. Ki nuna masa damtsenki. Ko zai raba ku da ɗaki, ban sani ba. In ya raba, kin fi kusa da ita a wani ɗakin da gaskiya, a kan yadda kuke yanzu.

Malamin kuwa ki je masa kafin Alhamis, sandar tana gida. Ki ba shi haƙuri ba tare da kin ce amma ba. Shi ma mutum ne da ya ga hoton zuciya a jarrabawar da ake tambayar zuciya, kowa zai yi zargi. Marin da ya yi mata laifi ne babba, sai dai wurinsa takardar ƙorafi zuwa ga shugaba, da sa hannun iyaye, daban da neman afuwarki. Sandarki ta mai da mai laifi abin tausayi, ke za ki gyara wannan.

Kada ta sa hannu a kan abin da ba ta yi ba. Ku nemi wanda ya iya Rashanci, ba a rasa likita ko injiniyan da ya yi karatu a can, ko malamin harsuna a jami'a. Ya rubuta abin da ke kan kowane kati, a ajiye kusa da takardar tambayoyin. Kalma ɗaya tak a kati ba ta amsa tambayar ajin ƙarshe. Ku roƙi kwamiti ya gwada ta nan take da wasu kalmomin da ba na jiki ba, ke kuma ki tsaya ki ce ni na sa su, ga dalili. Ku shirya jin cewa shiga da kowace takarda laifi ne ko ba a yi niyya ba. In sun soke mata wannan gwajin, ku karɓa. Sunan ɓarauniya da cire ta daga babbar jarrabawa ne ba za ku karɓa ba, kuma in sun dage, akwai ofishin ilimi a sama da su.

Rashanci kuma ya huta sati shida, hutu na gaske, ba irin na da ba. Yarinyar da ta koya wa kanta baƙaƙen da ba wanda ya iya a makarantarsu ba za ta manta su a wata ɗaya da rabi ba. Ta ɗora wannan naci a kan Faransanci da lissafi. Ranar da ta ajiye biro, ta ci gaba a tsakar gida, uban yana gani.

Allah ya ba ta lafiya da sa'a, ya sanyaya zuciyar ɗanki, ya warkar da goshin malam. Ke kuma, Yaya, ki ajiye jaridar nan haka. Yarinyar tana ɗaki.

Goggo