Na Mayar wa Tsohuwa da Shinkafarta

Goggo, don Allah ki agaza mini da shawara. Bakina ya jawo mini abin da yau wata huɗu ke nan ya hana ni sakat.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina cikin waɗanda aka dawo da su daga Sakkwato lokacin da aka ba mu jiha. Ina zaune a Nasarawa, nan Birnin Kebbi, amma ƙauyenmu yana gaba da Ambursa kan hanyar Argungu. Da na dawo gida na tarar samarinmu da an gama aikin fadama sai zaman gindin bishiya ko tafiya cirani, 'yan matan kuwa ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Sai ni da abokina Dikko muka kafa 'yar ƙungiya, muna koya musu karatu da ɗinki da gyaran injin ban ruwa. Ko sisi ba mu da shi. Dikko ne ya kawo dabarar a gina rumbu, kowane gida ya zuba abin da ya sawwaƙa na shinkafa idan kaka ta yi. Mutane da kansu suka sa masa suna rumbun yara. Shinkafar nan muke kaiwa kasuwar Argungu mu sayo alli da zare, mu ɗan sallami malamai. Shekara uku muka yi a haka, da daɗi ba daɗi.

Akwai wata tsohuwa, Inna Tamba, ƙawar mahaifiyata ce, Allah ya jiƙan mahaifiyata. Mijinta ya rasu, gonarta ba ta taka kara ta karya ba, kuma ita ke riƙon jikarta Laure. Amma kowace kaka ita ce ta farko a bakin rumbu, tun masu manyan gonaki ba su gama bugu ba. Za ta zo da ƙwarya a ka, ta juye da hannunta, ta leƙa ciki ta yi addu'a, sannan ta tsokane ni wai ɗan boko ko bakin buhu bai iya riƙewa ba.

To, bara, bayan na rubuta takardu har hannuna ya gaji, wata ƙungiyar agaji mai ofis a Kaduna ta yarda ta tallafa mana na shekara biyu. Sababbin kekunan ɗinki, rufin kwano, har da albashin malamai. Wallahi ranar saura kaɗan in taka rawa a ofis. Sai kaka ta zo, ga shi kuma ruwa ya ci rabin fadama a daminar. Ina tsaye bakin rumbu da baƙi biyu daga Kaduna, sai ga Inna Tamba da ƙwaryarta. Na dubi ƙafafunta duk faso, na dubi 'yar shinkafar, tausayi ya kama ni. Tunda gaskiya na zo faɗa, har da 'yar kunya a gaban baƙi. Na ce ta koma da abinta su ci ita da Laure, bana Allah ya hore mana, ba mu da bukata. Na kuma ɗaga murya na faɗa wa sauran jama'a haka. Ta gyara gammonta, ta ɗora ƙwaryar, ta juya. Ni kuwa ina ganin alheri na yi.

Tun daga ranar Laure ba ta sake zuwa ba, yarinyar da ta fi kowa hannu a ɗinki. Sannu a hankali wasu ma suka janye. Matan da ke share mana fili sun daina, kuma ina jin ana cewa wurin ya zama na mutanen birni. Idan na gaishe da Inna a hanya takan amsa da kyau, amma ta daina tsokanata, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Dikko ya ce mu mayar wa mutanen Kaduna da kayansu mu koma yadda muke. Matata ta ce in kai wa tsohuwar turmin atamfa. Ni dai kaina ya ɗaure. Ga kekuna sababbi fil, ga kujeru babu kowa, kuma idan shekara biyun nan ta cika ban san wa zai riƙe yaran ba.

Ɗanki mai rumbu wayam,
Birnin Kebbi

AMSA

Ɗana, share hawayenka, abin bai lalace ba. Niyyarka mai kyau ce, kuma neman tallafin da ka yi ba laifi ba ne. Shinkafar ƙauye ba za ta sayi kekunan ɗinki ba, saboda haka ka gaya wa Dikko kada ya kuskura ya mayar da komai.

Amma ka duba ta gefen Inna. Duk shekara tana da rana guda da take tsayawa kafaɗa da kafaɗa da masu manyan gonaki, ta ce ita ma da hannunta a tarbiyyar yaran garin. Wannan ranar ce ka karɓe mata, a gaban baƙi kuma. Ka tuna mata talaucinta a wurin da ta zo a matsayin mai bayarwa. Sauran mutanen ma abin da suka ji ke nan, wato an gode, ba a bukatarku.

Batun atamfa, ka bar shi. Ka gode wa matarka, amma kyauta a yanzu ƙara tabbatar wa tsohuwar za ta yi cewa ita abar tausayi ce. Ka je da ƙafarka, kada ka aika kowa, ka durƙusa ka ce ka yi kuskure, ba tare da kawo uzurin ambaliya ba. Tunda kuma a bainar jama'a ka faɗi waccan magana, sai ka janye ta a bainar jama'a, ranar Juma'a bayan an sauko.

Daga nan ku raba aiki. Tallafin Kaduna ya tsaya ga kekuna da rufi da malamai, rumbu kuma ya ci gaba da ɗaukar alli da zare da abincin masu koyo, a riƙa ajiye saura don ranar da baƙin za su tafi, domin za su tafi. Ku sa iyaye uku ko huɗu su kula da rumbun, a cikinsu har da mace. Ka sanar da mutanen Kaduna wannan tsari, ina kyautata zaton zai yi musu daɗi.

Ranar da za ka je wurin Inna, ka ɗauki ƙwarya babu komai a ciki, ka ce yara sun aiko ka karɓar rabonsu da ka hana su. Idan ta ƙi, ka koma wani mako. Idan ta zuba maka, ko tafi guda ne, ka karɓa da hannu biyu, kuma kada ka ce ya yi yawa.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya mayar da Laure kan kekenta, ya sa ka sake jin ta ce ba ka iya riƙe buhu ba.

Goggonku