Fankar Auta da Ɗigon Dalma

Daga: Yayan ɗalibar, mai gyaran fanka, shago na uku, layin masu walda

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Gasar Ƙere-ƙere ta Makarantun Firamare

Kwanan wata: Litinin, 17 ga Maris, 2025

Game da: Cire ƙanwata, 'yar aji huɗu, daga gasa bisa zargin maguɗi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafi kan hukuncin ranar Alhamis, 13 ga wata, a kan ƙanwata da muke kira Auta.

1. Ƙa'idar malamarsu ita ce kowane yaro ya zana abin da zai ƙera, ya ƙera, ya gwada, kuma ya adana duk wanda ya lalace don ya nuna abin da ya koya. Ban san da haka ba. Ban tambaya ba.

2. Daga 3 ga wata Auta ta ƙera fanka uku da kwali, murfin gora da injin tsohuwar rediyo. Ta farko ba ta ba da iska ba. Ta biyu fukafukanta suka tashi, ɗaya ya faɗa cikin kofin shayin Baba. Ta uku tana juyawa, amma tana rawa kamar mai zazzaɓi.

3. Ranar Talata, 11 ga wata, tana makaranta, na share ƙarƙashin gadonta. Na ɗauka biyun farko shara ne, na zubar. Ta ukun na daidaita mata fukafukai, na liƙe wayoyin da dalma. Ba ta roƙe ni ba. Gani na yi bai kamata a yi wa ƙanwar mai gyaran fanka dariya ba.

4. Alƙalanku sun ga dalmar, suka nemi fankoki biyun farko, babu. Suka tambaye ta wa ya yi mata, ta yi shiru don kada ta tona ni. A nan take aka sanar da cire ta a gaban yara, aka ce ba aikinta ba ne. Ba a kira malamarta ba. Ba a buɗe littafin zanenta ba, alhali yana cikin jakarta, zane har shafi tara.

5. Tun ranar ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini gori ba. Almakashinta kawai ta miƙa wa Mama, ta ce a yi ɗinki da shi. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Laifin nawa ne, yallaɓai, amma ita aka hukunta ba tare da an saurare ta ba. Don haka ina roƙo a duba littafin, a ji ta bakin malamar, a ba Auta kwali, batir da awa ɗaya a gabanku kafin zagayen ƙarshe na 22 ga wata. Fankar za ta yi rawa. A bar ta ta yi. Ni zan tsaya a wajen ƙofar makaranta, hannuwana cikin aljihu.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamani.

Naka cikin ladabi,

(sa hannu)
Yayan Auta