Sunan da Ba a Kira a Majalisa Ba

Daren Laraba, Malumfashi

Yau na ji a rediyo ɗan majalisarmu ya kira sunan Sani, ɗan maƙwabciyata Hajiya Rabi, yana tambayar dalilin da ya sa sojoji suka harbe shi a hanyar gona. Mata suka cika gidanta: "Hajiya, Allah ya bi miki haƙƙinki." Ni ma na faɗa, amma da ƙyar.

Ai tare da ɗana aka harbe su. Iyayen Sani sun ɗauki hoton gawa, sun karɓi takardar asibiti. Mu kuwa mahaifin ɗana ya ce ba a jinkirta gawa, aka binne shi kafin la'asar. Rigarsa mai jini ma ni na wanke ta da hannuna.

Astagfirullah, yau uwar mamaci nake wa hassada. Amma nawa ɗan ma yana da suna. Sunansa Bashir.