"Da Sauƙi" Ba Ta Nufin Na Warke

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Sauraron Ƙorafi na Ƙungiyar Lauyoyi
Daga: Kafinta mai shago a bayan tashar mota, wanda ake kira Baban Tagwaye
Kwanan wata: 9 ga Oktoba, 2024

Game da: Sakacin lauyana a shari'ar diyyar hannuna, fayil mai lamba 214

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana. A ranar 6 ga Maris, 2023, motar wani kamfanin siminti ta yi baya ta matse mini hannun dama a jikin teburin aikina. Yatsu uku sun tafi, sauran biyun ko ƙusa ba sa riƙewa. Na ɗauki lauyan da sunansa ke kan fayil, na sakar masa komai, don ni katako na sani, ban san doka ba.

1. Wata goma sha ɗaya ina zarya a ofishinsa, sau huɗu kacal na sa shi a ido. Kullum yana kotu. Bencin da nake jira a kai ƙafarsa ɗaya tana rawa. Da a da ne, da tuni na gyara masa kyauta.

2. A ranar 20 ga Fabrairu, 2024, aka tura ni wurin likitan kamfanin inshorar da ke tsaya wa kamfanin simintin. Lauyana ya yi alkawarin raka ni, bai zo ba, bai kuma ja mini kunne cewa duk abin da na furta za a rubuta ba. Likitan ba ya jin Hausa. Tafinta ya tambaye ni ya jiki, na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ranka ya daɗe, mahaifina ma haka ya amsa da safen ranar da ya rasu. Amma a rahoto sai aka rubuta wai na ce na warke.

3. Rahoton ya isa teburin lauyana tun 5 ga Maris. Bai karanta mini ba, bai ƙalubalance shi ba. Sai ranar 24 ga Satumba na ji shi daga bakin lauyan kamfani a gaban alƙali, ina zaune da hannuna a naɗe cikin aljihu. Da muka fito, lauyana ya ce ni na yanka kaina da bakina. Wannan maganar ta fi mini ciwo fiye da ranar haɗarin.

4. Kotu ta ba da wa'adi zuwa 30 ga Oktoba a shigar da gyara a kan rahoton. Tun daga ranar da muka fito kotu lauyana bai sake ɗaga wayata ba. In wa'adin ya wuce, rahoton ya zauna, aikin tiyatar da wani likitan ƙashi ya ce zai iya ceto yatsu biyun kuma ya sha ruwa, don da kuɗin diyyar zan biya. Shekara ashirin da shida ina ciyar da gidana da wannan hannu. Yau matata ke ɓalla mini maɓallin riga, tana kau da kai don kada in ga idonta.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya umarci lauyana ya shigar da gyaran kafin wa'adi, ko ya miƙa mini fayil ɗina in nemi wani. Ba na neman a tozarta shi. In kwamiti ya kira ni ya tambaye ni ya jiki, da sauƙi zan sake cewa, haka aka rene ni. Roƙona wannan karon a dubi hannun.

Allah ya ƙara girma. Naka mai biyayya,

Baban Tagwaye
(Ƙanena ya rubuta da yawuna, na dangwala da babban yatsan hagu.)