Karkarwar Hannun Mama

Litinin, 3 ga Maris

Yau Farfesa ya gwada rigar. Duk wahalar digirina a kanta take: mutum ya sa safar hannu mai na'ura ya bubbuga bayan wani, kwamfuta ta ɗauka, rigar kuma ta maimaita bugun a bayan majinyacin da aka keɓe, wanda ba a barin kowa ya taɓa shi. Bugun hannun Mama na ɗauka. Ya sa rigar, ya ji bugun, sai ya yamutsa fuska. "Wannan karkarwar fa? Shara ce, ki tace ta."

Shara! Hannun uwata ne shara? Tun da ciwon ya kama ta haka yake rawa. Ba zan tace komai ba.

Laraba, 5 ga Maris

Sarkin Waya, abokin teburina, ya ce aikin minti biyu ne, in yi in huta. Na ce ya ji da igiyoyinsa da suka cukurkuɗe kamar gashin mahaukaciya.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gida. Kofi ma yanzu sai da hannu biyu Mama take riƙewa, rabin ruwan a zane yake ƙarewa. Safar ba za ta sake shiga hannun nan ba, abin da na ɗauka bara shi ke nan gare ni. Na ba ta labarin Farfesa, ina jira ta taya ni faɗa. Dariya ta yi. "Ke dai taurin kai kamar ubanki. Wa ya ce miki ina son rawar nan?"

Na ji haushi sosai. Har ita.

Talata, 11 ga Maris

Farfesa ya kira ni ofis. Wai mara lafiya zai ɗauka rigar ce ta lalace, ya tsorata. Idan ban tace ba, ba zai sa hannu in kare aikina bana ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, taɓawar mutum na zo aikawa, ba ta inji ba." Ya cire tabarau yana gogewa. To, ya riƙe sa hannunsa mana. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban leƙa ɗakin gwaji ba. Kaina ke ciwo, ba tsoro ba ne.

Litinin, 17 ga Maris

Na kwafi bugun na tace kwafin, don kawai in nuna masa yadda zai koma kamar ƙwanƙwasa ƙofa. Sarkin Waya ya fita cin abinci, na sa rigar ni kaɗai.

Biyu a hankali, ɗaya mai nauyi, sai shafa zuwa kafaɗa. Babu rawa ko kaɗan. Hannun da ke lallashina ne ina ƙarama in zazzaɓi ya kwantar da ni, lokacin tana da ƙarfinta. Ashe yana nan a ƙarƙashin karkarwar, ni ce na manta shi. Na yi kuka har majina, da rigar jami'a a jikina.

Farfesa dai bai san abin da yake faɗa ba, sa'a ya ci. Zan kai masa, amma sai jibi. Gobe gida zan kai rigar, Mama ta sa ta ji.