Ramin da Na Haƙa a Kududdufi

Zuwa ga Malam Gidaɗo, mai filin shawara,

Gaisuwa da girmamawa. Malam, don Allah ka taimake ni. Da hannuna na rubuta wannan takarda da ajami, sai ku juya ta da boko, don ba na son mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ya ji abin da ke cikinta.

Ni magini ne a Dukawuya, ɗan magini, kakanninmu daga Barno suka zo. Shekarata arba'in da biyar. Da can ni ne mai hawa soro ba tsani, amma tun da na zama mai tsayawa ƙasa ina nuni da sanda, ƙiba ta hau ni. Teɓa ta fito, gwiwoyi suka ƙi, ruku'u ma sai da nishi. Bara na taka tsani ya karye da ni a gaban leburorina, suka yi ta riƙe dariya. Da na je asibiti, likita Bature ya sa tafinta ya gaya mini zuciyata na ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta, kuma tun da gwiwa ba ta yarda da tafiya, in koyi iyo, don ruwa zai ɗauke mini nauyi. Na ce a raina, gemai-gemai da ni?

To, na fara. Isyaku, wani masunci da ke zuwa daga wajen Wudil kamun tarwaɗa a kududdufan birni, shi ke koya mini bayan asuba. Da fari kan gora ya ɗora ni, irin wanda masunta ke kwanciya a kai, ina ta facal-facal. Ruwan da na sha kuwa, Allah kaɗai Ya san yawansa. Yana yi mini tsiya wai ina dukan ruwa kamar mai kwaɓa ƙasa, kuma ina ɗaga kai kamar wanda ake kira daga sama. Yau wata uku ke nan. Na bar gora, ina jefa hannu sau ashirin kafin in tsaya, tazugen wandona ya yi sako-sako, shekaranjiya har na hau tsani. Ka ga da a ce iyakarta ke nan, ai godiya zan aiko.

Kududdufin da muke shiga yana ƙasan Goron Dutse. Akwai waɗansu kusa da gidana, amma ni na zaɓi wannan, ban kuma gaya wa Isyaku dalili ba.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, gini ya yi yawa, kowa na neman tubali. Ina da shekara goma sha takwas. A kududdufin nan muke ɗiban ƙasa da rani in ya ƙafe. Mahaifina yana da doka, kuma dokar magina ce tun kakanni: a ci ƙasa a kwance, kada a ci ta a tsaye. Wato a riƙa fiɗa a hankali da gangare, don in damina ta cika wurin, mai shiga ya ji zurfi yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Ni kuwa na tarar da wata jar ƙasa mai danƙo ta gefen gabas, daidai gindin wata ɗorawa. Son a yabi tubalina ya sa na riƙa sammako ni kaɗai, na bi ta tsaye da diga, har ramin ya wuce tsayin mutum biyu. Na ce zan cike kafin ruwa ya sauko. Ruwa ya riga ni.

Ƙanena Mala, ɗan shekara goma sha biyar, ya shiga wanke jakinmu ran wata Laraba da hantsi. Ya san wurin sarai, ya san ruwa iya ƙirji ne, don ya taka ƙasan da rani. Ina tsaye bakin gaɓa ina kallonsa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai babu shi. Hannunsa ya fito sau biyu. Jaki ya yi iyo ya fita. Ni ban iya ruwa ba, ban shiga ba, kuma ko ihu sai da ya daɗe kafin ya fito daga bakina. Washegari masunta suka ciro shi.

Mutane suka ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Na bar su a kan haka. Da rani ya zagayo, kududdufi ya ƙafe duka sai daidai wurin nan, ruwa ya tsaya kore shar da kainuwa a kai, aka ce to ga gidan aljanin nan. Ba wanda ya sake ɗiban ƙasa a can. Mahaifina ya rasu bai ji daga bakina ba. Mahaifiyata, Iya Yagana, tana nan da rai, ido ya yi rauni. Shekara ashirin da bakwai, duk faɗuwar damina sai ta toya waina ta yi sadaka, ta sa a yi mini sabuwar laya, don ta gaskata abin da ya ɗauki ɗanta ɗaya yana jiran na biyun. In hadari ya haɗu ba na gida, ba ta zama. Ba ta san ina iyo ba. Layar nan cire ta nake yi in sa cikin hula kafin in shiga, kunya kamar ta kashe ni.

Ga abin da ya sa na rubuto. Duk sa'ad da na doshi gabas, sai in ji ruwa ya yi sanyi ƙalau daga ƙasa, numfashi ya sarƙe, in ji kamar hannu ya kama mini idon sawu. Wallahi Malam, ƙaramin hannu ne, na san shi. Sai in juyo ina shan ruwa. Isyaku ya ce kafin ruwa ya ja baya dole in ƙetare kududdufin, in ba haka ba har abada ɗan bakin gaɓa ne ni. Hanyar kuwa ta kan ramin take. Ga shi yanzu baƙi masu jakuna, waɗanda ba su san labari ba, sun fara shayarwa ta gefen ɗorawa.

In ƙetare ne, ko in bar iyon ƙiba ta kashe ni? In gaya wa tsohuwa, ko in bar ta ta tafi da abin da ta sani? Tsoro nake ji, na ruwa da na fuskarta.

Naka,
Magini Mai Nauyi, Dukawuya

Amsa

Malam Magini, takardarka ta iso, na kuma karanta ta sau biyu. Allah Ya jiƙan Mala.

Bari mu fara da ruwa. Kada ka bar iyo. Mutumin da ya kai hannu ashirin cikin wata uku, da wannan jiki, ba rago ba ne. Isyaku ya yi gaskiya kan ɗaga kai: sa fuska cikin ruwa, fitar da numfashi a can ciki, ka juya gefe ka ja sabo. Kafin kowace ƙetara, koyi kwanciya rigingine bisa ruwa har ka iya ƙirga ɗari ba motsi, don wanda ya iya wannan ko tsoro ya kama shi a tsakiya yana da wurin hutawa. Kada ka shiga kai kaɗai. Kada kuma ka fito ka rama da malmalar tuwo uku da man shanu. In ka ga jini a fitsari, koma asibiti, ruwan kududdufi na kawo tsargiya.

Sanyin da kake ji gaskiya ne, rana ba ta kaiwa ƙasan rami mai zurfi. Hannun kuwa, ba zan yi maka musun abin da ka ji ba, amma Mala yana kabarinsa, ba ya cikin ruwa. Gobe ka gaya wa Isyaku akwai rami, ka faɗa masa zurfinsa, ka kafa sanda a wurin saboda masu jakuna. Wannan ba ya jiran shawara. Ƙetara kuwa sai ka shirya, shi kuma yana gefenka bisa gora.

Naka ba ramin mugunta ba ne, ramin ƙuruciya ne da son yabo. Amma ka karya dokar da aka kafa don kare rai, rai kuma ya tafi. Nemi malamin da ka amince da shi ya faɗa maka abin da shari'a ta ɗora wa mai kuskure irin wannan, ka yi shi.

Batun Iya na auna shi ta kowane gefe. Tsohuwa ce, maganar za ta buge ta, wataƙila ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarka. Amma shirun da kake gani rahama ne, dube shi da kyau: shi ya sa ta shekara ashirin da bakwai tana jiran a zo a ɗauke ka. Ɗa ɗaya ta rasa, kai ka bar ta tana makokin biyu. Je ka durƙusa gabanta da rana, da 'yar'uwarta ko wata dattijuwa kusa, ka faɗa mata yadda ka faɗa mini, har da maganar iyon. Kada ka jira rani, tsohuwa ba ta da alkawari da rani.

In ruwa ya ja kuma, ɗauki kwando. Kada ka sa leburori, kada ka tsaya nuni da sanda. Kai ka ci ƙasar nan a tsaye, kai za ka mai da ita, daidai yadda gwiwa za ta iya, ko kwando biyar ne a yini. Teɓa za ta ragu a nan ma. Alkawarin da ka yi ne tun kana ɗan sha takwas, cewa za ka cike kafin ruwa ya sauko. Bana ka riga shi.

Allah Ya ba ka lafiya da sauƙin numfashi, Ya sanyaya zuciyar Iya Yagana, Ya sa damina mai zuwa ta ji hadari ta ci gaba da zamanta.

Malam Gidaɗo